Takalmin da ke cajin waya: abin da na gani a Landan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonka game da takalmin nan da aka ce yana tara wuta idan mutum na tafiya, har ya caja waya. Na zaga shagunan takalma da na kayan lantarki a nan Landan, ban gan shi a kantar kowa ba. Abin da ya cika kasuwa shi ne takalman yara masu walƙiya. Da na 'yata ya daina walƙiya, sai na sa wuƙa na farke tafinsa don in gani da idona: ɗan batir ne kamar maɓallin riga a binne cikin roba, takun yaro kunna shi kawai yake yi.

Amma maganar tana da tushe. Tun 1880 wasu masana kimiyya 'yan Faransa, Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques, suka gano akwai duwatsun da in an matse su suke fitar da lantarki. Irin wannan dutse ne a cikin laitar da ake dannawa ta yi ƙas, tartsatsi ya fito. A 1998 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka sa shi cikin takalmi, wutar da suka samu ba ta kai miliwat 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na wat guda. Na zauna na yi lissafi da wayata: sai na yi tafiyar sama da awa 1,500 kafin ta cika. Wallahi raina bai so ba, don na so a ce abin ya yi. Takalma masu ɗan janareta a diddige sun fi ƙarfi, sai dai nauyi, kuma ƙarfin daga ƙafarka ake zarar shi, kamar mai tafiya cikin rairayi.

Inda dabarar ta ɗan ci shi ne a daɓe. Kamfanin Pavegen, da aka kafa a nan a 2009, yana yin tayil mai ɗan nutsewa idan an taka, an ma shimfiɗa shi wajen tashar jirgin ƙasa ta West Ham lokacin gasar Olamfik ta 2012. Ƙafafu dubbai ke bi ta kai, duk da haka fitilu kawai ya kunna.

Don haka fawa bank na saya maka, da ɗan faifan sola mai naɗewa kamar littafi. Na gwada solar a taga, duk da hadarin garin nan ta ɗan ja caji. Su zan aiko maka.