Jama'a a yi hattara da masu "jarin intanet" ɗin nan

Salam 'yan uwa, don Allah ku tura wa na kusa da ku. Akwai wasu samari da suke zaga kasuwannin Farm Centre da Kantin Kwari a Kano da takardu masu ƙyalli, wai kamfaninsu na sayar da intanet ne kuma sun ƙulla yarjejeniya da manyan shagunan onlayin irin su Jumia da Konga, duk wanda ya yi sayayya ta hanyarsu suna da kamasho, kai dai ka zuba kuɗi a dinga ba ka kashi 25 duk wata.

Ranar Asabar ƙanina ya ja ni taronsu a wani hol a Zoo Road. An raba ruwan roba, wani mai kwat ya haska jadawali a bango, jan layi sai hawa yake babu inda ya taɓa saukowa, wai hasashen kuɗin shigarsu ke nan. Na ɗaga hannu na ce Malam wannan adadin jimillar cinikin da mutane za su yi ne ko kuwa kamashon da zai shigo aljihunku? Don duk ɗan kasuwa ya san ciniki daban riba daban. A ce an sayi kayan miliyan 100 kamasho kashi 5 ne, miliyan 5 kawai kuka samu, ba a cire albashi ba, ba a cire dizal da haya ba, ga kayan da kwastoma zai dawo da su, to daga ina kashi 25 ɗina zai fito in ba daga kuɗin sababbin shiga ba? Sai cewa ya yi "Alhaji mu haɗu bayan taro". Wallahi ban sake ganinsa ba.

Takardar CAC suke ta ɗagawa, alhali wannan rajistar kamfani ce kawai. Mai sayar da intanet lasisin hukumar sadarwa ta NCC ake tambayarsa, mai karɓar jarin jama'a kuma sai da rajistar SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari. Na nemi ko ɗaya babu, takardar yarjejeniyar ma wai sirri ce. Haka tsarin damfarar zuba kuɗi na MMM ya yi da mutane a 2016, haka na CBEX a 2025, har yau wasu ba su farfaɗo ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ashe ƙanin nawa ya riga ya tura musu dubu 150, kuɗin da yake tarawa na lefe, kuma asusun da ya tura sunan mutum ne a kai ba na kamfani ba. Mun adana rasit da hirarsu ta WhatsApp, Litinin in Allah ya kai mu za mu kai wa EFCC.