Tiranzista ɗaya ko Darlington ga lodin amfiya 2?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko tiranzista ɗaya zai ishe ka ko sai Darlington, wato tiranzista biyu da aka haɗa su yi aikin ɗaya. Tunda LM358, ƙaramin aisi (IC) mai ƙara ƙarfin sigina, shi ne zai tura matakin ƙarshe na amfilifayar taka, lodin kuma na jan kusan amfiya 2, ka ɗauki Darlington kawai: TIP122 da abokin tafiyarsa TIP127.

Tiranzista ƙafa uku gare shi: bes, kolekta da emita. Inda mutane ke ruɗewa shi ne hFE, wato sau nawa wutar kolekta ta ninka wadda ka zuba a bes. Za su ga BC547B yana da 200 zuwa 450, sai su ɗauka duk tiranzista haka yake. Wannan adadin a miliamfiya 2 aka auna shi, shi kansa BC547 ɗin ba ya ɗaukar sama da miliamfiya 100. Da ka koma manyan da ke ɗaukar lodi, sai ninkin ya zube. 2N3055 yana tsakanin 20 da 70 a amfiya 4. TIP31C kuwa, a amfiya 3 kamfani bai yi maka alkawarin fiye da 10 ba. To yi lissafi: in ninkin 20 ne, lodin amfiya 2, bes zai nemi miliamfiya 100. LM358 bai da wannan ƙarfin, abin da yake bayarwa bai wuce 20 zuwa 40 ba. Kana ƙara murya sautin zai fara kakarewa. Tiranzista ɗaya yana da wurinsa a matakin farko inda wutar ba ta da yawa, amma ba nan ba.

A Darlington, emitar na farko ce ke shiga bes ɗin na biyu, kolektocinsu a haɗe. Don haka ninkin nasu ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi: 100 sau 30 ya ba ka wajen 3000. Sidney Darlington na Bell Labs ne ya yi rajistar dabarar a 1953. TIP122 yana ba ka aƙalla 1000 a amfiya 3, ke nan miliamfiya 2 ya ishe ka.

Da waɗannan biyun na haɗa ƙaramar amfilifayar da nake gwajin lasifika da ita a teburin aikina. Wallahi ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ko na bar ta a kunne yini guda, aisin da ke tura su ko ɗumi ba ya yi, sautin ƙasa kuma yana fita cikakke.

Sai dai akwai abin da za ka biya. Bes zuwa emita zai ci wajen bolt 1.2 zuwa 1.4 maimakon 0.7, kuma ko an kunna shi gaba ɗaya, TIP122 na iya riƙe har bolt 2 tsakanin kolekta da emita a amfiya 3, wato zafin wat 6. Dole ka ɗaura shi a ƙarfen sanyaya. Tiranzistan da ke saita wutar zaman su (wadda suke ja lokacin da babu sauti) shi ma ka manna shi jikin wannan ƙarfen, domin kowace mahaɗar bes da emita tana sauka da kusan milibolt 2 a duk digiri ɗaya na zafi, a nan kuma mahaɗa huɗu gare ka. In ba haka ba zafi zai jawo wuta, wuta ta jawo zafi, har su ƙone. In batirinka ƙarami ne, duba haɗin Sziklai, mai haɗa tiranzista iri biyu, NPN da PNP, wanda 0.7 kawai yake ci.

Ka kuma yi hattara da masu sayar da jabu. Suna goge lambar ƙaramin tiranzista su buga wata babba a kai. Duba rubutun: in ya goge da ɗan yatsa ko ya karkace, bar musu kayansu. Kada ka dogara da ramin hFE na mita, wuta kaɗan yake gwadawa da ita. Sa masa lodi na gaske kafin ka narka masa dalma a allo.