Ɗan damfara ya wuce, ko a kori mai gaskiya: wanne ya fi cin kuɗi?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ga mai sayar da kaya ta intanet, wanne ya fi muni, ɗan damfara ya yi sayayya da katin sata, ko na'urar tsaro ta ƙi karɓar kuɗin mutumin kirki bisa zargi? Ka ce kai dai gara ka ƙara matse ƙofa. Bari mu ajiye su gefe da gefe.

Ta damfara a fili take. Mai katin ya ga an cire masa kuɗi, ya kai ƙara bankinsa, galibi yana da kwana 120 na yin haka. Banki ya janye kuɗin daga wurinka. Kaya sun tafi, kuɗi sun tafi, ga caji a kai. In ƙararrakin suka kai wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na cinikinka, Visa da Mastercard suna da tsarin sa ido da cin tara, har ta kai a hana ka karɓar kati. Akwai zafi, amma kowace asara tana da adadi da kwanan wata a littafinka.

Ɗaya ɓangaren kuwa ba ya shiga littafi ko kaɗan. Su wa ake kora? Matafiyi da ya yi oda daga wata ƙasa. Wanda ya sayi kyauta, adireshin kai kaya ya saɓa da na katinsa. Wanda ya sake waya, ko ya yi babbar sayayya a karon farko. Duk halayen da na'ura ke ɗauka alamar ɓarawo, halayen kwastoma mai kashe kuɗi ne kuma. Shi wannan ba zai kai ƙara ba. Zai ji an zarge shi, ya koma wurin abokin gasarka, kuɗin tallan da ka kashe wajen jawo shi kuma sun bi ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urar ba ta taɓa sanin ta yi kuskure. Odar da aka karɓa, bayan 'yan watanni za a san gaskiyarta. Wadda aka ƙi fa? Shiru har abada. Sai rahoto ya nuna damfara ta ragu, a yaba wa ma'aikatan tsaro, alhali ciniki na zubewa ta bayan gida.

Mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. Kaya na 100, ribarsa 20, uwar kuɗi 80. Wata ƙa'ida da ka kafa ta tare oda 10, ɗaya ce kaɗai ta ɓarawo. Ka tsira da 80 da ɗan caji, ka yi asarar ribar sauran oda tara, wato 180. Amma a ce ribar 5 ce: ka tsira da 95, ka rasa 45 kacal. Shi ya sa mai sayar da wayoyi ko katin kyauta, kayan da ribarsu ba ta da kauri, kuma ɓarawo ke saurin mayar da su kuɗi, yana da hujjar tsanantawa. Mai riba mai kauri da kwastomomi masu dawowa ba shi da ita.

A ganina, zaɓi tsakanin "karɓa" da "ƙi" kaɗai shi ne tushen matsalar. Odar da kake shakka, tura ta zuwa tsarin tantancewa na 3D Secure, bankin mai katin ya tantance shi da lambar da zai aika masa. Siga ta biyu ta wannan tsari, wadda EMVCo, ƙungiyar manyan kamfanonin kati, ta fitar a 2016, tana barin da yawa su wuce ba tare da an tambaye su komai ba, kuma in an tantance, galibi alhakin damfarar kan koma kan bankin. Ko Tarayyar Turai, da ta wajabta tantancewa mai ƙarfi ƙarƙashin dokarta ta biyan kuɗi mai suna PSD2 daga 2019, ta ɗaga ƙafa ga sayayyar da ba ta wuce yuro 30 ba.

Ka kuma duba wa ya ƙi odar. Wani lokacin bankin kwastoman ne, da saƙon ƙin biya mai lamba 05 wanda ba ya faɗin dalili, ba ƙa'idarka ba.

Kafin ka matse ƙofar, ware kaɗan daga odar da na'urarka ke ƙi, ka bar su su wuce, ka jira wata uku ko huɗu, sannan ka ƙirga nawa ne suka dawo da ƙara.