Saƙo daga Ingila kan wayar jera haƙoran yara

Yaya, ina gaisuwa, ya mutanen Argungu? Hoton autarki da kika turo ne ya tsaya mini a rai, haƙoranta na sama sun turo har leɓe ba ya rufuwa. A gida sai a ce halitta ce a bar ta. Nan Ingila gyarawa ake yi.

Yaro na kai shekara 12 ko 13, haƙoran girma sun fito, in sun karkace likita zai tura shi wurin ƙwararren jera haƙori. A tsarin lafiya na gwamnati, NHS, kyauta ne ga wanda bai cika 18 ba, amma sai an auna karkacewar a ma'auni mai hawa 5, 'yan hawa na 4 da na 5 ake ɗauka kai tsaye. Wanda bai shiga ba iyayensa su biya dubban fam, wanda ya shiga kuma ya sha jira.

Yadda ake lallashin yaran ne ya fi burge ni. Ƙananan ƙarafa ake mannawa a jikin kowane haƙori, a zura waya, a riƙa ƙara ɗaure ta lokaci-lokaci har wata 18 zuwa 24. Ba a yin sa dole, don yaron da ba ya goge baki da kyau haƙoransa ruɓewa za su yi a gefen ƙarafan. Ɗiyarki ta nan da farko ƙi ta yi, tsoron dariyar 'yan ajinsu. Likita ya nuna mata hotunan waɗanda aka gama wa, ya bar ta ta zaɓi launin 'yan robobin da ke riƙe wayar, ta ɗauki shuɗi. Makon farko kunu da fate kawai take iya sha, sai duk gidan muka koma sha tare da ita. Ƙuli-ƙuli da aya da cingam kuwa na daina ajiyewa, kada ta gani ranta ya biya.

Wushiryarta dai na roƙa a bar mata. Su nan gibi suke gani, mu kuwa ado ce.

Mu sai haƙori ya hana barci muke neman likita, shi ma don a cire. Don Allah Yaya, kada ki jira ciwo. Ki kai autarki sashen haƙori a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ki tambayi inda ake sa wayar da nawa ne, zan taimaka da kuɗin. In har yanzu tana tsotsar yatsa, a raba ta da shi cikin lalama, yana cikin abin da ke turo haƙoran gaba.