Daga Kantamanto zuwa Tema: jirgin ƙasa, trotro ko taksi?

Duk mai sarin gwanjo a kasuwar Kantamanto da ke Accra, babban birnin Ghana, ya san sayen dila ba shi ne aiki ba, kai ta gida lafiya shi ne aiki. In birnin Tema ka nufa, hanya uku ce a gabanka.

Ni jirgin ƙasa na fi so, ba na ɓoyewa. Tashar Accra manne take da kasuwar, 'yar kaya za ta ɗauko maka dilarka a kai ta dire har bakin tarago. Jirgin yana bi ta Achimota, inda layin Tema ya rabu da na Nsawam. Babu ruwansa da cunkoson motoci na mahaɗar titunan Circle ko ta Tetteh Quarshie. Abin da ya fi min komai kuwa, kayanka na tsakanin ƙafafunka, idonka a kansu har ka sauka. Aibinsa dai jirgin ma'aikata ne, safe da yamma, kuma ya sha daina aiki na tsawon lokaci. Don haka ka tambayi ma'aikatan tashar ko yana tashi kafin ka ɗaura kaya.

Trotro, wato ƙaramar bas ta haya, na nan ko da yaushe a Tema Station, tashar mota da ke cikin Accra, yana bin babban titin Accra zuwa Tema mai kilomita 19 da aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah. Amma kaya a but suke tafiya, an ɗaure ƙofar da igiya. A haka wani fasinja ya sauka da buhuna a hanya, yaron mota ya ce shi bai gani ba. Taksi da Bolt sai mai kuɗi.

To, 'yan'uwa, a kula da bakin tasha. Akwai samari masu tare mutum da "Alhaji, kawo in taya ka", ko "Hajiya, jirgi ya cika, ga tikiti a hannuna". Kada ka sayi tikiti a hannun kowa sai a tagar sayarwa. Wani kuma zai rantse maka yau babu jirgi, don kawai ya ja ka motar da yake wa kamasho. Ku gama ciniki da 'yar kaya tun kafin ta ɗauka, ka bi bayanta kusa da kusa. Waya da kuɗi a aljihun gaba, musamman lokacin turereniyar shiga. Wanda ya ce ka karanto masa lambar sirrin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, wai zai biya maka, ɓarawo ne, ka ɗaga murya jama'a su ji.