Krita a Hannun Mai Zanen Taswirar Ƙagaggun Duniyoyi da Shirya Fim

Mai fasahar da yake haɗa zanen hannu da shirya fim da zana taswirar ƙasashen da babu su sai a cikin labari, yakan sha wahalar yawo tsakanin manhajoji da yawa, kowacce da kuɗinta da tsarinta. Krita, manhajar zane a kwamfuta wadda ake saukewa kyauta, tana rage wannan yawon sosai. Manhaja ce ta al'ummar KDE, wato ƙungiyar masu ƙirƙirar manhajoji na kyauta, wata gidauniya da ke ƙasar Holan ce take kula da ita, kuma tana aiki a kan Windows da macOS da Linux, har da manyan allunan Android.

Inda ta fi nuna ƙwarewa shi ne wajen taswira. Duk wanda ya taɓa jan gaɓar teku da alƙalami a kan allon zane ya san cewa rawar hannu kan ɓata layi, to a nan akwai abin daidaita layi wanda yake sa zanen ya biyo alƙalami a hankali, ta yadda lungunan gaɓa da kwanar koguna za su fito sumul ba tare da sun rasa kamannin aikin hannu ba. Abin da ya fi wannan amfani shi ne burushin da ake ɗora wa hotuna da yawa. Mutum zai zana duwatsu biyar ko shida masu siffa daban-daban, ya haɗa su cikin burushi ɗaya, sannan duk inda ya ja alƙalami sai jerin tsaunuka ya bayyana, wani bai yi kama da na kusa da shi ba. Haka ake yi wa dazuzzuka da gidajen ƙauyuka. Manhajojin da aka yi musamman don taswira, irin su Wonderdraft da Inkarnate, sun fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma da yake masu amfani da su galibi daga rumbun tambura ɗaya suke ɗiba, wato shiryayyun ƙananan hotunan tsaunuka da bishiyoyi da gidaje, taswirorinsu kan yi kama da juna, alhali a Krita tambarin na mai zanen ne. Tana kuma karɓar tsarin launi na CMYK, wanda maɗaba'a ke buƙata idan taswirar za ta shiga littafi.

Ta ɓangaren fim, an saka mata zane mai motsi a siga ta 3.0 a 2016, bayan masu amfani da ita sun tara kuɗin aikin ta shafin tara gudunmawa na Kickstarter, sannan siga ta 5.0 a 2021 ta zo da wurin jera zanen kowace fitowa tare da bayaninta da tsawon lokacinta. Wannan ya wadatar wajen tsara labari kafin a ɗauki kyamara, ko yin ɗan gajeren motsi kamar hanyar ayari tana tsawaita a kan taswira. Sai dai ba manhajar tace fim ba ce, kuma da zarar firam, wato hotunan da ake jerawa su ba da motsi, sun yi yawa a babban shafi sai ta cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fara jan ƙafa, don haka dole a riƙa fitar da aikin gutsure-gutsure a haɗa shi a manhajar tace fim kamar Kdenlive ko DaVinci Resolve.

Babban aibinta a wurina shi ne rubutu. A sigogi 5.0 zuwa 5.2, ana buga kalma ne a wata taga ta daban, kuma ba a iya lanƙwasa sunan kogi ya bi kwanar kogin, wanda kuwa rabin kyawun taswira ke nan. A waɗannan sigogi, mai son sunaye masu tsari sai ya kai aikin wata manhajar zane mai suna Inkscape, ko kuma ya rubuta su da hannunsa harafi bayan harafi, abin da kan ci lokaci mai yawa a taswirar da take ɗauke da garuruwa barkatai.