Kai keke gasar Paris–Brest–Paris a jirgin ƙasan SNCF: hayaƙi kaɗan, ɗawainiya da yawa

Gasar keke ta Paris–Brest–Paris a Faransa kilomita 1,200 ce, zuwa garin Brest da dawowa, ana yin ta duk bayan shekara huɗu, kuma mafi yawan mahaya suna da awa 90 su kammala. A 2023 mutum fiye da dubu 6 suka tashi daga Rambouillet, wani gari kusa da Paris, da dama sun zo ne ta jirgin sama daga Asiya da Amurka. Keken kansa ba ya fitar da hayaƙi, hanyar zuwa ce ke gurɓata iska. Ga wanda ke cikin Turai, jirgin ƙasan SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, ne mafita: jirginsa mai gudu, TGV, da lantarki yake tafiya, yawancin lantarkin Faransa kuma na nukiliya ne, shi ya sa iskar kabon da ke kan fasinja ɗaya ba ta kai giram 5 a kilomita ba. Jirgin sama na gajeren zango yakan haura giram 100.

Matsalar tana wajen keken. A TGV INOUI, wato babban rukunin jiragen TGV, hanya biyu ce. Ko ka biya Yuro 10 ka kama gurbin keke ba tare da kwance shi ba, ko ka kwance shi ka sa a jaka wadda ba ta wuce santimita 130 da 90 ba, ya tafi a matsayin kaya, kyauta. Ta farko ta fi daɗi, amma guraben 'yan kaɗan ne, ba kowane jirgi ke da su ba, kuma a watan Agusta tun da wuri suke ƙarewa. Dole a sayi gurbin tare da tikitin.

Jaka ita ce abin dogaro, in an iya kwancewar. Cire tayoyi biyu. Cire feda da sifana mai lamba 15, ka tuna ta hagu a juye take kwancewa. Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne na'urar canza giya ta baya: a kwance ta, a naɗe da tsumma, a ɗaure jikin firam, domin jaka ɗaya ta faɗo mata sai ƙarfen da ke riƙe ta ya lanƙwashe, giya ta riƙa tsalle har Brest. Mai birkin faifai na mai ya cusa roba tsakanin takalman birkin, in ba haka ba hannu na taɓa birki za su haɗe, taya ta ƙi komawa.

A Paris ma da sauran aiki. Mai zuwa daga Liyon ko Marsey a Gare de Lyon zai sauka, jirgin Rambouillet kuwa daga Montparnasse yake tashi, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya karɓar keke a tsaye. Gara a harhaɗa shi a tasha a tuƙa zuwa Montparnasse. Layin N, jirgin da ke zuwa Rambouillet daga can, yana ɗaukar keke kyauta, ban da lokacin cunkoson safe da yamma a ranakun aiki.